Yatsan Ƙanen Mijina

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka yi wannan abu, bayan farin da ya cinye shanun garin Gamu, ina goyon autata. Lokacin ne ƙishirwa ta kama maigidana. Ya sha tulu guda, ya zaga bayan gida, ya dawo ya sake nema. Inda ya yi fitsari kuwa tururuwa ta yi baƙi. Ga wani ɗan miki a babban yatsan ƙafarsa, ƙaya ce ta soke shi a lambunmu na cikin kwari, ya ƙi warkewa.

An kawo sabon majo, wato babban malamin jinya, gidan likitan Gure, mutumin yamma, bai san fuskar kowa ba. Yana da wani ɗan ƙarfe kamar tsinken sakace. Sai ya soki kan yatsa, ya ɗiga jinin a kan 'yar takarda, ta sauya launi, ya gane ko akwai ciwon sukari. Ni na je na faɗa masa halin maigidana, ya ce a turo shi.

Namiji ke nan! Mutumin da wanzami ke kafa wa ƙaho a ƙeya yana hira, wai shi ba zai miƙa wa baƙo yatsa ba. Ya ce bai san inda za a kai jininsa ba. Ƙarya ce, ni na san shi. Tsoro yake a hana shi shayi.

Sai suka yi shawara da ƙanensa, shawarar maza. Uwa ɗaya uba ɗaya, ai jini ɗaya ne, in ji su. Ƙanen ya naɗa rawanin yayansa har bisa hanci, ya je ya amsa sunan yayan, aka soke shi. Ya dawo yana ɗaga yatsa kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

"Matar yaya, kawo tukuici! Majo ya ce jininmu garau."

Na ce, "Jininku? Kai ma tururuwa na bin ka?"

"Ke dai ba ki son alheri. Yaya, ka ji ta ko?"

Maigidan ya ce in rufe masa baki, maganar gidansu ce. Aka fasa sabon kan sukari da gindin kofi, aka dafa shayi har na uku, maƙwabta na ta barka.

Na koma wurin majo na tona musu asiri. Ya ɗauko kayansa ya zo har zaure. Maigidan ya tura hannayensa cikin riga, ya ce an riga an gwada shi, mutum mai daraja ba a gwada shi sau biyu. Ni kuma ya yi fushi da ni, har kaka bai ci tuwona ba.

Kafin sanyi ya wuce ƙafar ta yi baƙi har idon sawu, ɗakin ba ya shiguwa don wari. A bayan kamyo, babbar motar kaya, muka kai shi Damagaram, kansa a cinyata. Can likitoci suka soki yatsan hannun ba tare da sun tambaye shi ba, ko motsi bai yi ba. Suka yanke ƙafar daga gwiwa. Bai kai damina ba, Allah ya jiƙansa.

Wanzamin ya rasu, maƙwabtan barka duk sun tafi, majo ban san inda ya ƙare ba. Saura ni da ƙanen. Yana Gidigir wurin 'yarsa, da ƙafafunsa biyu, in an tada maganar sai ya ce kwana ne ya ƙare. Ina amsa gaisuwarsa. Shayinsa ne ba na sha.