Sojan da Ba a Rubuta wa Suna Ba

Ƙanena ya shiga soja ba da son ran Inna ba. Shi ne autanmu, kuma shi kaɗai ya rage mata a gida a Birchi, don ni tuni na koma Dutsin-Ma ina koyarwa. Da aka tura shi arewa maso gabas, yakan kira ta duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Wata Juma'a bai kira ba. Cikin makon sai ga sojoji biyu a ƙofar gida da jakarsa. Suka ce an yi masa sutura a can tare da abokan aikinsa, don hanya ba ta biyuwa.

Muka yi zaman makoki ba gawa. Inna ba ta yi kururuwa ba. Abin da take ta faɗa wa masu gaisuwa shi ne, "Ko gefen da yake kwance ban sani ba."

Bayan wasu shekaru yanar ido ta rufe mata gani, likita ya tura mu Abuja a yi mata aiki. Muka sauka gidan ɗan gwaggona. Shi ne ya ambata cikin hira cewa akwai filin da gwamnati ta gina don tunawa da sojojin da suka mutu a bakin daga. Na yi masa alama ya yi shiru, amma Inna ta riga ta ji.

"Gobe ka kai ni," ta ce.

Fili ne mai faɗi, an shimfiɗe shi da dutse, ga tutoci suna kaɗawa. Wani soja da ke gadi ya tare mu. Ɗan kudu ne, Hausarsa irin ta bariki. Da na gaya masa abin da ya kawo mu, sai ya dubi Inna, ya ce, "Mama, sannu. Mu je, ni zan raka ku."

Ina riƙe da hannunta muka hau matakala. Ta tsaya tana ƙifta ido.

"Wancan baƙin abin da ke tsaye, mi ne ne?"

"Mutum-mutumin soja ne, Inna."

Ta zare hannunta daga nawa. "Wajen gunki ka kawo ni?"

Sojan ne ya ce, "Mama, ba mai roƙonsa komai. Ƙarfe ne kawai. An ajiye shi ne don kada a manta."

Sai ta ce mani, "To, faɗa mani abin da kake gani."

Na ce kansa a sunkuye yake. Sojan ya ce haka suke tsayawa in ana binne ɗayansu. Na ce bakin bindigarsa ƙasa yake kallo. Ya ce alama ce ta cewa wannan ya gama nasa yaƙin, ba zai sake harbi ba. Akwai busassun furanni da aka ɗaure kamar gammo, jingine a gindin dutsen. Ya ce manya ne ke ajiye su ranar tunawa, jan da ke ciki kuma jini ake nufi. Na lura babu wurin zama ko ɗaya a kusa. Ashe da gangan ne, duk wanda ya zo, komai girmansa, a tsaye zai yi gaisuwarsa.

"Ina aka rubuta sunansa?" in ji Inna.

"Ba shi da suna, Mama. Ba a sa masa ba. Akwai da yawa da ba a kai su gida ba. Duk uwar da ta zo, nata ne."

Ta ɗaga kai wajen mutum-mutumin. Ta ce, "Fuskar fa?"

Na ɗaga kai na duba sosai. Ƙanena yana da wushirya, kunnuwansa kuma a buɗe suke, muna tsokanarsa da su tun yana ƙarami. Wannan bakinsa a rufe, hula ta rufe kunnuwan, ba zane, ba wata alama da za a ce ga ƙabilarsa. Na yi ta neman ɗan'uwana a fuskar nan, ban same shi ba, kuma na kasa ɗauke ido.

"Yaro ne, Inna," na ce.

"Ai duk yara ne."

Ta tambayi alƙibla. Na juya ta, mutum-mutumin ya koma bayanta. Ta zauna a kan matakala duk da zafin dutsen, ta ɗaga hannu. Ta daɗe tana addu'a, ina jin sunan ƙanena yana fita a hankali. Da ta kusa shafawa, sojan ya matso ya rage murya.

"Mama, ki sa da abokina. Tare muka shiga aiki, shi ma bai dawo ba."

"Uwarsa na da rai?"

"Tana nan."

Inna ta sake ɗaga hannu, ta fara daga farko.

Aikin ido ya yi kyau. Da aka sallame mu na ce ko mu sake biyawa ta gani da idonta, ta ce a'a, gida take so. Muka kamo hanya. A daren da ya gabata an yi ruwan shuka, da muka wuce Dutsin-Ma muka nufi Kurfi gonaki cike suke da mutane. Inna ta manna fuska a gilashin mota tana kallon samari, wasu na sara da sungumi, wasu na bi suna zuba iri, wani ya ɗaure rigarsa a ka yana wa 'yan'uwansa ihu. Rabonta da ganin fuskar mutum daga nesa an daɗe. Ta taɓa kafaɗar direba.

"Ɗan nan, rage gudu kaɗan," ta ce.

Ya rage. Ni ma ta tagar nake kallo.