Kumfar da Na Fasa da Yatsa

Ranar wata Laraba ce cikin damina, ina aji huɗu a firamare, Kawu Hamidu, ƙanen Inna, ya shigo garejin Baba a Bagudo da motarsa shaƙe da albasa, tana fitar da baƙin hayaƙi. Ƙetaren iyakar Benin zai kai kayan, motar kuwa ba ta da ƙarfin hawa tudu.

Baba ya yi zargin iskar da turbo, na'urar ƙara wa mota ƙarfi, ke tura wa injin ce ke zurarewa a hanya. Yadda yake gwadawa shi ne ya toshe bakin bututun iskar da gwangwanin madara, ya ɗura iska da injin mai faci, ni kuma, mai ƙananan hannu, in bi mahaɗan roba da soso da ruwan sabulu. Duk inda ya fashe sai ya yi kumfa. Na fi son wannan aikin a kan tsinkar zogalen Inna. Kullum Baba kan ce, "Muddin injin facin na ɗura iska, allurar ma'aunin iska ba ta sauka ko da akwai ɓula. Kashe shi, sannan ki duba."

Ranar bai kashe ba. Hadari ya haɗo daga wajen Lafagu, Kawu na ta faɗin albasa za ta jiƙe. Baba ya ɗaure wata mahaɗa da ta saki, ya ga allura tsaye cak. A ƙarƙashin babbar robar kuwa wata 'yar kumfa ta taso mini, ƙarama kamar idon kwaɗo. Na fasa ta da yatsa, ta sake tasowa, na sake fasawa, don daɗi take ba ni.

"Mi kika gani, ɗiyata?" in ji Baba.

"Babu komi," na ce, saboda Kawu ya riga ya hau mota yana yi mini dariya.

Kafin la'asar robar ta yage a tsakiyar wani tudu mai santsi. Motar ta rasa ƙarfi, ta dawo da baya, ta kife cikin kwazazzabo. Albasa aka fara kwashewa kafin a ciro gawar Kawu.

Baba ya ɗauki laifin a kansa har ya koma ga Allah, ni kuma ban taɓa buɗe baki ba. Yau ƙanena ke riƙe da garejin, yana da na'urar da ke hura farin hayaƙi ya fito ta kowace ɓula, kowa ya gani. Ni dai har yanzu, in ina wanki kumfa ta taso, hannuna tsayawa yake.