Garin da Kowace Tasha Sunanta Owa

Shekarun baya, lokacin ban taɓa wuce Kontagora ba, mahaifiyata ta aike ni Legas. Yayana soja ne a can, an ce za a kwashe su zuwa bakin daga, ita kuma ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya. Ta ƙulla masa soyayyar gyaɗa da yaji, amma ba wannan ne ainihin aiken ba.

"Ki kalle shi da idonki, ki zo ki gaya mini ko ya rame," in ji ta. "Waya ƙarya gare ta, kumatu take ƙara ma mutum."

Na isa da safiyar ranar da za su tashi. Yayana ya ce in shiga danfo, ƙaramar bas ɗinsu mai ruwan ɗorawa, in sauka kusa da barikinsu kafin tsakar rana. Na yi yadda muke yi a Zuru: na gaida kwandasta, na faɗa masa inda zan sauka, na gyara zama. A wurinmu magana ta ƙare ke nan, direba zai tuna.

Ni kuwa Allah ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf. Na lura duk sanda kwandasta ya yi wani ihu, sai wani fasinja ya ce "Owa", mota ta tsaya. Aka yi na farko, aka yi na biyu, aka yi ta yi. Na ce a raina, gari duk girmansa an rasa sunan da za a sa wa tashoshi sai guda ɗaya? Har na fara tunanin ko Owa wani babban mutum ne da ya mallaki rabin Legas.

Ina cikin wannan nazari muka hau wata gada da ba a ganin ƙarshenta. Ruwa dama da hagu, ga gidajen katako tsaye a cikinsa, mata na tuƙa kwalekwale kamar masu zuwa gona. Ban san a fili na ce, "To su waɗannan ina suke noma?" ba.

Wata dattijuwa Bayarabiya da ke gefena ta yi dariya, ta ce da Hausa ras, "'Yata, ina za ki sauka?"

Na faɗa mata. Dariyar ta ɗauke.

"Ai mun baro wurin tun ɗazu. Kwandasta ya kira sunan, ba ki ce owa ba. Ma'anarsa akwai mai sauka. Nan in ba ki buɗe baki ba, ba ki cikin motar."

A kan gadar ba a tsayawa, ba a juyawa. Sai da muka ƙetare, dattijuwar ta sa ni a wata motar mai komawa, ta ja wa kwandastan kunne da Yarbanci. Ruwan da ya burge ni ɗazu, a dawowa haushinsa nake ji.

Da na isa barikin, na tarar sojojin sun riga sun hau manyan motoci, kaya iri ɗaya, hula iri ɗaya. Ina bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, yayana ne ya fara ganina. Ba halin ya sauko. Na cilla masa ƙullin, ya cafe, ya tura hularsa baya don in gan shi da kyau. Ashe ya san abin da aka aiko ni yi. Kallonsa kawai nake yi har motar ta fita ƙofa.

Da na koma gida, ko ruwa ban sha ba mahaifiyata ta ce, "Yaya?"

"Ya rame, Mama. Wuyansa ya yi tsawo. Amma idonsa tar."

Ta gyaɗa kai. "Haka babansa yake in zai tafi. Je ki huta."

Yayana ya dawo lafiya, ya bar aikin ma, yanzu dawa yake nomawa wajen Dirin Daji. Na koma Legas sau da yawa, na iya bakinta. Amma har yau nakan yi mamakin yadda na girma gida ɗaya da mutum, ban taɓa kallon fuskarsa da gaske ba sai da mota ta fara tafiya da shi.