Tokar da Na Zuba wa Ƙwarin Malama

Da ana mayar da hannun agogo baya, da ban taɓa kwalaben nan ba sai na tambaya.

Wata malama ce mai binciken ƙwari ta zo ƙauyenmu a Kurugu daga jami'a, aka haɗa ta da ni don na san daji. Abin da take nema shi ne ƙululun da ke fitowa a ganyen baushe da rassansa. Muka yi ta yawo har wajen Rogo muna tsinka. Na kowace bishiya kwalbarsa daban, ta rubuta wurin a jiki, ta ɗaure bakin da yadi. Da za ta koma ta bar min su a zaure, ta ce, "Baba, inuwa kawai suke so." Ta yi wani bayani mai tsawo, ni kuwa ina ta gyaɗa kai don kada a ce ban gane ba.

Bayan 'yan makonni na ga ƙululun sun huhhuje, ga ƙananan ƙwari masu siririn ƙugu kamar 'ya'yan zanzaro suna yawo a ciki. Manomi in ya ga huji a ajiya, wake yake tunawa. Na ɗebo toka na cika kowace kwalba, kamar yadda muke yi wa iri. Har daɗi na ji, wai na ceci amana.

Ranar da ta dawo ta daɗe tana kallon kwalaben.

"Baba, ina ƙwarin?"

"Ai na gama da su, Malama."

"Innalillahi! Su nake jira! Uwar ce ke saka ƙwai a ganye, ganyen ya kumbura ya zama ɗakin ɗanta. In babu ƙwaron, wa zai san mai ɗakin?"

Wahalar damina guda ke nan na binne. Sai uwargidana ta yi gyaran murya daga bayan ƙofa.

"Malam, ka juye su wuri ɗaya ne, ko kowacce da tokarta?"

"Kowacce da tata."

"To miƙo nan, sarkin dabara."

Ta kawo rariyar tankaɗe, ta shimfiɗa farin zane, ta riƙa bin kwalaben ɗaya-ɗaya a hankali. Toka ta zube, sai ga ƙwarin a busshe. Wasu sun karye, amma yawancinsu har da fikafikai. Malama ta zauna a tabarma tana dariya tana share ido. Ni ma sai lokacin na ji numfashina ya dawo.

Daga baya ta nuna min hoto a wayarta: akwati mai murfin gilashi a ɗakin adana ƙwari, kowane ƙululu kusa da ƙwaronsa, da sunan Kurugu a ƙasa. Alhamdu lillahi.

Ku da kuke karantawa, in an ba ku ajiya ana bayani ba ku gane ba, don Allah ku daina gyaɗa kai, ku ce a maimaita.