Ruwan da Ke Shiga Injin Man Kaɗe

Ina rumfata a kasuwar Aboabo, ina auna wa wata mata yadi, wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce. Ta ce, "Yaya, ki rufe shago ki zo Kanvili. Mma ta cika." Na ce to. Na ƙarasa yanka yadin, na ninke shi na miƙa wa matar, sannan na zauna a ƙasa.

Tun kafin a haife ni Mma, mahaifiyarmu, take bugun man kaɗe. Mai bugu takan sunkuya a kan babban kwano, hannu biyu cikin ƙullin ƙwarar da aka soya aka niƙa, tana buga shi tana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan, har man ya rabu ya taso sama fari kamar kumfa. Aikin ne ya cinye mata kafaɗu. A shekarunta na ƙarshe sai an taya ta ɗaura ɗankwali.

Shi ya sa da aka zo wa ƙungiyarsu ta mata da maganar injin bugu mai aiki da hasken rana, ita ce ta fara cewa a kawo. Ta ce, "Nawa kafaɗun sun riga sun tafi. Na masu tasowa nake ji." Ta ga an jera farantan sola a kan rufin rumfar aiki, ta ga an haƙa bohol an ɗora baƙin tanki a sama. Saura mako guda a kunna injin ta rasu.

Bayan sadakar arba'in Magajiya, shugabar ƙungiyar, ta aiko a kira ni. Na same ta a bakin rumfa, matan suna zaune jugum.

Ta ce, "'Yata, man ya ƙi. Injin yana juyawa, wuta ba ta ɗaukewa, amma in an buɗe sai ka ga abu kamar kunu. Buhu nawa muka ɓata. Wasu suna cewa tun da uwarki ta tafi ya ƙi tashi."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ni dama na faɗa. Ƙarfe ba shi da tafin hannu."

Magajiya ta ce sun yanke shawara, in Juma'a ta zo bai gyaru ba za su lulluɓe shi da buhu su koma ga kwanoninsu. Ta kira ni ne don kada in ji a bakin wani, tunda Mma ce ta tsaya a kan maganar. Na dubi matan da ke wurin, har da masu goyo, na roƙi a bar ni in ga bugu ɗaya.

Washegari da hantsi injiniyan da ya girka injin ya iso a kan babur. Mutumin kudu ne, Kirista, Hausarsa ta kasuwa ce, kuma duk ya rame saboda wannan abu. Ya nuna mini komai da haƙuri. Sai rana ta take sosai farantan ke ba da ƙarfin da zai juya injin, don haka da azahar ake kunnawa. Ya kuma ja bututu daga tanki kai tsaye zuwa cikin injin, don kada wata ta sake ɗaukar ruwa a ka.

"Anti, duba, injin yana lafiya," in ji shi. "Na auna shi, na sake auna shi. Mai ne ba ya so ya fita."

Ni ban san injin ba. Bugu ma na bar shi tun da na yi aure na koma Kaladan. Amma da azahar ta yi, ya kama famfon bututun zai buɗe, sai na ji wani abu bai cika ba. Mma ba ta taɓa zuba ruwa a ƙulli ba sai ta ɗiga shi a bayan hannunta tukuna. Ba ta taɓa gaya mini dalili ba, haka kawai na tashi na ga tana yi. Na ce masa ya kwance bututun in taɓa.

Ya kwance. Ruwan ya zubo mini a hannu da zafi, irin wanda za a yi wa mai jego wanka da shi. Tun safe tankin yake shan rana.

Na miƙa wa Magajiya bakin bututun. Ta taɓa, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Kowace mace a rumfar ta san ruwan sanyi ne ke tayar da mai a ƙarshen bugu, zafi kuwa narkar da shi yake yi. Sun sani tun suna yara. Abin da ya faru shi ne tun da aka ja bututu, hannun kowa bai sake taɓa ruwan ba.

Magajiya ta ce wa injiniyan, "Ɗana, ka hutar da kawunanmu, ka dafa mana mai."

Ya dafe kai ya ce, "Mama, a makaranta ba su koya mana wannan."

Tsohuwar nan ta ce, "To ka zo tamu makarantar. Ba ma duka."

A ranar muka ɗauko randunan Mma guda uku daga gida a bayan keke mai ɗaukar kaya. Muka jera su a inuwa a kan jiƙaƙƙen yashi, muka cika su da yamma don ruwan ya kwana. Ranar Alhamis aka zuba ƙulli, aka kunna. Da lokacin ruwan sanyi ya yi, Magajiya ta miƙo mini ƙwarya. Na ɗiga a bayan hannuna, na zuba. Ba a daɗe ba ƙarar injin ta sauya, ta yi laushi, da aka ɗaga murfi man yana sama fari tas. Na fita bayan rumfa na ɗan tsaya ni kaɗai, sannan na dawo muka kwashe.

Yanzu kwana biyu a mako nakan bar wa ƙanwata shago in je Kanvili. Abin da mace ɗaya ke yini a kai, injin yana gama shi kafin la'asar, matan suna zaune suna tsince ƙwara suna hira. Ina jin daɗin zama cikinsu. Suna ba ni labaran Mma da ban taɓa ji ba.

Da sanyin safiya man ya fi kyau, kuma a lokacin farantan ba su da ƙarfi. Injiniyan ya ce sai an sa batir mai ajiye wuta, ya ma auna inda za a girke shi. Har yau ba a kawo batirin ba, bugun safe da hannu ake yi.