Ranar da turmi ya cece ni daga sakiya

Wanzami ya riga ya sa basilla a wuta, ni kuwa na janye ƙafata.

A Kalgo ne, shekarun alif ɗari tara da saba'in, ina jego a gidanmu. Jijiyoyin ƙwaurina sun kumbura sun murɗe, Goggo ta rantse kurkunu ne, sai an yi sakiya.

Na kwanta na ɗora ƙafar bisa turmi, yadda wata nas ta nuna mini a Gwandu. A hankali jijiyoyin suka lafa.

Na ce, "Goggo, kurkunu yana ɓacewa don an ɗaga ƙafa? Jini ne ke taruwa."

Wanzami ya leƙa, ya tsoma basillarsa a ruwa, ya ce, "Yarinyar ga ta fi mu gaskiya."

Jijiyoyin suna nan har yau, amma ƙafata ko tabo babu. Ku a garinku me ake cewa yana kawo su?