Ranar Da Kogi Ya Sallami Babana

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku, zan mayar muku in na gama. Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, amma ba zan manta da shekarar da wani Bature ya kawo mana garmaho, akwatin kiɗan nan, ba, ko ƙasa ta rufe idona.

Lokacin ana ta aikin dam ɗin Kainji, anka ce duk mutanen gungu, wato tsibiran cikin Kwara, su tashi, ruwa na tafe. An gina mana gidajen siminti a tudu wajen Warra. Kowa ya ɗaure kaya. Babana makaɗin masunta ne, tsufa ya toshe masa kunne, sai an kafa baki a na hagu an yi ihu. Shi ma ya yarda zai tashi. Wallahi ya yarda, har ya naɗe tabarmarsa!

Sai ga Baturen nan mai awon ƙasa da tafintansa. Jikokina sun ce ƙasarsu Cek ake kiranta. Baturen ya ga gangar Baba, ya yi murna, ya ɗauko garmaho daga jirgin ruwansa ya ɗora faifai. Babu mai waƙa, babu amshi, sai goge da bushe-bushe. Tafinta ya ce wani makaɗin ƙasarsu ne ya shirya shi domin koginsu. Ga inda ruwa ke tsattsafowa siriri, ga maharba cikin daji, ga biki a ƙauye, ga inda yake faɗa da duwatsu, har ya isa babban birni. Ya ce mutumin yana cikin ganiyarsa ya kurmance ƙaf, kuma a kurmance ya yi wannan kiɗa, bai taɓa jin sa da kunnensa ba.

Baba ya ɗora tafinsa kan akwatin, ya rufe ido. Ya ce, “Ɗiyata, mi yake cewa?” Ni kuwa, sakarya, na kafa baki a kunnensa na zuba masa labarin duka. Da bakina na jawo wa kaina.

Washegari ya warware tabarma. Ya ce, “Shekara nawa ina wasa masunta, ban taɓa wasa wanda ke ba su kifin ba. Kurman wata ƙasa ya yi wa koginsu, ni sai in juya baya?”

Mun ce to, ya yi. Kwana uku yana gindin tsamiya yana kiɗa, ya gama. Na ce, “Baba, tashi mu tafi.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Ke ɗiyar makaɗi ce kuwa? Ina kika ga an wasa babban mutum an tashi bai sallame ka ba? Sai ya ba ni tukuicina.”

“Baba, kogi ne! Riga zai tuɓe ya ba ka?”

“Shi ya san abin da zai bayar.”

Jama'a, na ga ta kaina. Maƙwabta sunka watse. Ruwa ya ci gonar albasa, ya ci turken awaki, ya shigo tsakar gida har idon sawu. Mu mun koma tudu, ga ni da ciki wata bakwai, kullum ina bisa kwalekwale ina kai masa tuwo. Inna ta yi kuka ta gaji. Liman ya zo, ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Na tari Baturen a bakin ruwa na ce wa tafinta, “Tambaye shi, shi nasu kurman, kogin ya ba shi wani abu?” Ya ce a'a, ciwo ma ya taɓa masa hankali, a gidan jinya ya ƙare. Na ce, “To wannan ka riƙe a cikinka.”

Ran nan mijina ya kama giwar ruwa, tsawonta ya kai ƙirjina. Na ce ba kasuwar Yelwa za ta ba. Ya yi ta gunaguni, amma ya bi ni. Da rana tsaka munka ja ta ta bayan gida, muna faɗuwa muna zage-zage, Baba ya ba mu baya yana kiɗa, bai ji komi ba. Munka sake ta a ruwan ƙofar ɗakinsa. Na taɓa kafaɗarsa, na nuna.

Ya daɗe yana kallo. Ya duƙa ya shafa ta, ya zaro guntun igiyar da munka manta a bakinta. Ya juya ƙullin a hannu, ya ce, “Ashe kogin nan ya iya ƙulli irin na mijinki.” Sai ya fuskanci ruwa, ya buga ganga sau uku, ya ce, “Na gode, ranka ya daɗe.” Ya naɗe tabarma ya shiga jirgi.

Baturen ya koma ƙasarsu da garmahonsa. Mijina har ya rasu yana yi mini gorin kifinsa. Inna ta riga Baba rasuwa da shekara biyu. Baba bai ƙara taɓa ganga ba, amma bai taɓa cewa an kore shi ba, cewa yake an sallame shi. Tsamiyar tana ƙarƙashin tafki. Ni ce na rage, ga ni.

Tun daga ranar, in tsoho ya kafe, ba na ɗaga masa murya. Sai in nemi abin da yake jira a ba shi ya tashi da mutuncinsa.